Kyamara ce ta gaza, ko haske? Nazarin sabunta kayan ɗaukar hoton kwandaloli

Tarin da ake magana a kansa ya kai kwandala 300 da ɗoriya. Yawancinsu manyan azurfa ne, irin dalar Morgan ta Amurka mai faɗin milimita 38.1 da Silver Eagle mai 40.6. Akwai ƙanana, kamar senti goma na Amurka mai milimita 17.9, da 'yan dinarai na tsohuwar daular Rum da ba su wuce milimita 18 zuwa 20 ba. Sai 'yan bugun madubi, wato waɗanda aka buga filinsu yana walƙiya kamar madubi, zanensu kuma fari kamar an barbaɗa gari. Kamar arba'in daga cikin tarin suna kulle a gidan roba na kamfanonin tantance daraja, PCGS da NGC. Mai tarin yana son hoton gaba da baya na kowace, wanda za a iya gane ta da shi ko da ta ɓata, kuma wani masani ya iya duba shi ya faɗi yanayinta ba tare da ya riƙe ta a hannu ba.

Kayan da yake da su: kyamara mai madubi a ciki, megafiksel 24, sensa (farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara) ƙarama irin ta APS-C, lensin da aka sayar da ita da shi, mai milimita 18 zuwa 55, ƙafa uku mara nauyi, hasken taga da ƙwan fitilar ɗaki. Kukansa kuwa a bayyane yake a hotunan. Rubutun gefe ɗaya ya fito tas, na ɗaya gefen ya yi dishi-dishi. Azurfa ta fito rawaya yau, gobe ta fito toka-toka kamar dalma. In ya ƙara girman hoton don karanta ƙaramin harafin gidan bugu da ke ƙarƙashin zanen ganye a bayan dalar Morgan, sai haruffa irin CC da O su zama tabo. Na cikin roba kuma farin ƙyalli ya rufe rabin fuskarsu. Ya yanke shawara cewa kyamarar ce ta tsufa, zai sayi mai babbar sensa, milimita 36 da 24, megafiksel 45.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwaji na yamma ɗaya da kwandala ɗaya ya isa ya nuna haka, kuma bai ci ko sisi ba.

Gwajin da ya riga saye

An fara da girgiza. Hoto biyu, saiti ɗaya: na farko an danna maɓalli da yatsa, na biyu an sa jinkirin daƙiƙa biyu tare da ɗage madubin kyamara tun kafin ɗauka. A na farko kowane harafi yana da inuwar kansa a gefe, a na biyu ta kusa ɓacewa. Dalili shi ne hasken ɗakin yana tilasta wa labulen kyamara ya daɗe a buɗe kamar 1/15 zuwa 1/30 na daƙiƙa, kuma a daidai nan bugun madubi da na yatsa suka fi yin ɓarna. Ƙafa ukun da aka karkata kanta ƙasa ita ma ba ta taimaka ba, don nauyin kyamara yana rataye ne a gefe, yana lilo.

Na biyu karkata ce. An ajiye ƙaramin madubi a kwance a inda kwandala take zama, aka duba ta allon kyamara. In kyamara tana kallon ƙasa sak, hoton bakin lensi zai bayyana a tsakiyar allo daidai. A nan ya bayyana can kusa da kusurwa. Karkatar digiri biyu ba ta ganuwa da ido, amma a kan kwandala mai milimita 40 tana nufin gefe ɗaya ya fi ɗayan kusa da lensi da milimita 1.4. Zurfin fokas, wato kaurin yankin da ke fitowa tas a hoto, a irin wannan kusanci bai wuce 'yan milimita ba, in lensi a buɗe yake sosai ma bai kai haka ba. Ga asalin gefen da ke dishi-dishi.

Na uku lissafi ne kawai. Sensar tana da milimita 23.5 da 15.6, ɗigo 6000 da 4000, wato kowane ɗigo kusan 0.0039 na milimita. Lensin 18 zuwa 55 ba ya iya jawo abu fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na ainihin girmansa. A ce 0.3. Kwandala mai milimita 18 za ta zauna a milimita 5.4 na sensa, ɗigo 1,380 ke nan daga cikin 4,000. Sauran duk ƙyallen shimfiɗa ake ɗauka. Yanzu a ɗora lensi mai irin wannan ƙarfin jawowa a kan kyamarar megafiksel 45 da ake sha'awa. Ɗigonta ya fi girma, kusan 0.0043 zuwa 0.0044 na milimita, saboda haka kwandalar nan za ta samu ɗigo 1,240 ne kacal. An kashe kuɗi mai yawa, an samu ƙasa da abin da ake da shi. Wannan lissafin shi ya fi komai sauya ra'ayin mai tarin, kuma ya cancanci duk mai irin wannan niyya ya yi shi a takarda kafin ya taɓa aljihu.

Na huɗu bai ɗauki minti biyar ba. An rufe taga, an kashe fitilar ɗaki, an kawo ƙaramar fitilar tebur guda ɗaya kusa da bakin lensi. Azurfar da ta mutu a hoto ta farfaɗo nan take: sheƙi ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe.

Daga nan tsarin saye ya fito da kansa: turke, fitilu, lensi. Gangar jikin kyamara ta koma ƙarshen layi.

Turke

Abin da ake nufi shi ne faranti mai nauyi a ƙasa, sandar ƙarfe a tsaye, da hannu mai hawa da sauka wanda ake ɗaura kyamara tana kallon ƙasa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen gajere, don ana ganin ai aikin kusa-kusa ne. Tsayin da ake bukata ya dogara ga lensin da za a saya, shi ya sa ake yanke shawarar biyun tare. Da lensi mai milimita 100, cika allo da kwandalar milimita 40 yana bukatar jawowa kusan 0.35, kuma tazara daga sensa zuwa fuskar kwandala za ta kai santimita 52. In ana son gidan roba ya shiga dukansa har da takardar shaidarsa, shi kuwa ya kai santimita 6 a kwance da 8 zuwa 9 a tsaye, tazarar za ta kusa santimita 66 zuwa 70. A ƙara tsayin abin da kwandala za ta hau. Sanda mai santimita 80 ita ce mafi ƙanƙanta da ba za ta ba da kunya ba. Da an zaɓi lensi mai milimita 150, da an nemi sandar da ta wuce mita guda.

Ana gwada turke da hannu: a ɗaura kyamara can sama, a ƙara girman hoton allo sau goma, a taɓa sandar da yatsa, a ƙirga daƙiƙa nawa hoton ke yi kafin ya tsaya. In ya wuce biyu ko uku, ko hannun yana da sako-sako, ko teburin ne. Tebur mai ƙafafu sirara a kan daɓen katako yana ɗaukar takun mai wucewa ya kai wa hoto. Bayan an ɗaure komai aka sake gwajin madubi, aka cusa 'yar takarda a ninke tsakanin kyamara da hannun turke har bakin lensi ya zo tsakiya. Ma'aunin daidaito irin na magina bai kai madubi ba, don shi yana gaya maka ne ko bayan kyamara ya daidaita da ƙasa, madubi kuwa yana gaya maka ko lensi ya daidaita da kwandala.

Fitilu

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Lokacin da ƙarfen bugu ya danne azurfa, ƙarfen kwandala yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar layuka sirara da ido ba ya rabe su. Su ke haifar da sheƙin nan mai juyawa kamar ƙafar keke in an karkata kwandala a ƙarƙashin haske. Mai tantance daraja shi yake fara nema, domin kwandalar da aka wanke ko aka goge ta rasa shi har abada. A ma'aunin Sheldon mai hawa daga 1 zuwa 70, sheƙi yana cikin abubuwan da ke raba maki a 60 zuwa sama. Hoton da ya kashe sheƙi ya yi wa kwandala ƙarya, ya nuna ta kamar wankakkiya. Sheƙin yana fitowa ne da ƙaramin haske mai tahowa daga wuri ɗaya. Haske mai faɗi, irin na taga ko na akwatin farin ƙyalle da ake ɗaukar kayan talla a ciki, yana shafe shi. Fitilar zobe da ake ɗaurawa a bakin lensi ita ma tana baje komai, tudu da kwari su zama ɗaya.

Saboda haka aka sayi ƙananan fitilun LED guda uku masu lanƙwasasshen wuya, kan kowace bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma duk iri ɗaya daga kamfani ɗaya. Wannan sharaɗin na iri ɗaya ba ado ba ne. In ɗaya tana ba da haske mai zafin launi 3000K ɗaya kuma 5500K, rabin kwandala zai yi rawaya rabi ya yi shuɗi, kuma babu manhajar da za ta gyara shi da kyau. Zafin launin kansa ba shi da damuwa muddin ɗaya ne, ko da yake 5000K zuwa 5500K ya fi sauƙin aiki. Abin dubawa shi ne CRI, ma'aunin yadda fitila ke nuna launi: 90 zuwa sama, 95 ya fi. Akwai wani tarko a ciki. Ana lissafa CRI ne daga launuka takwas marasa ƙarfi, ja mai ƙarfi ba ya cikinsu. Shi ana rubuta shi daban da sunan R9. Fitila tana iya samun CRI mai kyau amma R9 ɗinta ya yi ƙasa, sai tagulla ta fito kamar laka, zinariya ta yi kore-kore. Mai tagulla da yawa a tarinsa ya nemi wannan lambar a jikin kwali.

Wurin ajiye su ana kwatanta shi da fuskar agogo, saman kwandala shi ne ƙarfe 12. An fara da biyu, a ƙarfe 10 da ƙarfe 2, an ɗaga su sama har suna kusan taɓa bakin lensi, suna leƙen kwandala daga kusurwa kamar digiri 70 zuwa 75. Kowace fitila tana jan layin sheƙi guda da ya ratsa kwandala. Biyu suna ba da giciye mai kyau. Ta uku tana shigowa ne idan wani yanki ya yi duhu, galibi a ƙarfe 12, kuma ana ɗan ja da ita baya don kada ta yi gasa da biyun. In akwai hoton kan mutum, a bar hasken da ya fi ƙarfi ya faɗo ta inda fuskar take kallo, kumatu da goshi su samu haske, inuwa ta koma bayan wuya. Kada babban haske ya zo daga ƙarfe 6: ƙwaƙwalwa ta saba haske daga sama yake zuwa, sai ta karanta tudu a matsayin rami.

Kwandalar da ta sha hannu, wadda zanenta ya lallace kuma sheƙi ya daɗe da tafiya, tana son akasin haka. A sauke fitila ɗaya ƙasa, digiri 30 zuwa 40, ɗan tudun da ya rage ya yi inuwa, rubutu ya tashi. Amma ƙasan haske yana kuma fito da kowane ƙarce ya ninka shi, don haka a tsaya a inda hoto ya yi kama da abin da ido ke gani a hannu.

Ranar farko an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Fitilun tsirara sun ƙona kumatun hoton da ke jikin dalar, wuraren suka zama fari fat babu komai a ciki. Sai aka naɗe kowace da farar takarda ninki huɗu, ƙonewar ta tafi, sheƙi ma ya bi ta. Abin da ya zauna shi ne takardar kwafi mai shara-shara falle ɗaya, manne a bakin fitila, yadda hasken zai ɗan yi laushi amma girmansa bai ƙaru ba. Wannan da LED kaɗai ake yi. Ƙwan halojin yana da zafin da zai kama takarda da wuta.

Lensi

An duba hanya mai araha tukuna, wato zobban ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da lensi. Galibi suna zuwa uku, milimita 12, 20 da 36. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: a raba kaurin zobe da tsawon lensi (lambar milimitar da ke cikin sunansa), abin da ya fito shi ne ƙarin jawowa. Zoben 36 a kan lensin milimita 50 yana ƙara 0.72, a haɗa da kusan 0.15 na lensin kansa, an kusa 0.87. A takarda ya isa. A aikace matsala biyu ce. Lensin gama-gari ba a ƙera shi don shimfiɗaɗɗen abu a kusa ba, tsakiya kan fito tas amma baki ya yi laushi, kuma a bakin kwandala rubutu da shekara suke. Sannan tazarar gaban lensi tana raguwa zuwa santimita 7 ko 8. Wanda zai bi wannan hanya duk da haka ya sayi zobba masu wayoyin lantarki a ciki, in ba haka ba ba zai iya sarrafa ƙofar hasken yawancin lensunan zamani ba.

Tazarar gaban lensi ita ce ta yanke hukunci tsakanin lensunan makiro ma, wato waɗanda aka ƙera don ɗaukar abu kusa-kusa. Na milimita 40 da na 60 suna kai 1:1 kamar na 100, wato abu ya zauna a sensa da ainihin girmansa, kuma kaifinsu ba shi da laifi. Sai dai a 1:1 bakinsu yana kusan santimita 3 zuwa 10 ne daga kwandala. Kan fitila ba zai iya matsowa kusa da tsakiyar lensi fiye da kamar santimita 5 ba saboda kaurin jikinsa. In tazarar santimita 6 ce, hasken zai zo daga digiri 50. In 16 ce, zai zo daga digiri 73. Wannan bambancin shi ne tsakanin hoto mai rai da hoto mai baƙin fili da fararen gefuna. Lensunan makiro na milimita 90 zuwa 105, na Canon, Nikon, Sony, Sigma ko Tamron, galibi suna barin kusan santimita 13 zuwa 15 a 1:1. A lura: lambar da ake rubutawa a jikinsu, kamar mita 0.30 ko 0.31, daga sensa ake auna ta, ba daga bakin lensi ba.

An ɗauki na hannu mai milimita 100, tsohon yayi, mara na'urar hana girgiza. A kan turke ba a bukatarta, in ma akwai kashe ta ake yi. Fokas na kai-da-kai shi ma ba a amfani da shi. Abin da aka duba kafin biya: a haska tocila ta cikin gilasan a nemi hazo ko zaren funfuna, a ga ganyen ƙofar haske ba su da maiƙo, a ɗauki hoton takardar jarida a shimfiɗe a ga kusurwa huɗu sun yi kaifi daidai. Da shi, kwandalar milimita 18 a jawowa 0.8 ta samu ɗigo kusan 3,700 a maimakon 1,380, a kan kyamarar da aka so yarwa.

Abin da ya ɓaci bayan an haɗa komai

Hotunan farko na ƙananan kwandaloli sun fito da laushi ko'ina, har aka fara zargin lensin. Laifin saiti ne. Don neman zurfin fokas an matse ƙofar haske zuwa f/16. A kusa-kusa, ainihin ƙofar tana ƙanƙancewa: ana ninka lambar da jawowa haɗe da ɗaya. A 0.8, f/16 ta zama kusan f/29. Haske in ya bi ta ƙaramin rami bazuwa yake yi, kowane ɗigo ya zama da'ira. A f/29 faɗinta ya kai kusan ɗigon sensa goma. Aka koma f/5.6 zuwa f/6.3 ga ƙanana, f/8 ga manya, kaifi ya dawo. Farashinsa shi ne zurfin fokas: kusan milimita 3.5 ga babba a f/8, amma 0.6 kacal ga ƙarama a f/5.6, kuma in za a duba hoton ɗigo-ɗigo a allo, a ɗauki rabin kowace lamba. Kwandalar zamani da inji ya buga tana shiga cikin wannan, muddin gwajin madubi ya yi daidai.

Dinaran Rum ba su shiga ba. Da guduma aka buga su, ba su kwanta daidai, kan sarki ya yi tudu sosai, tsakanin sama da ƙasa a iya samun milimita biyu. Su aka yi wa tarin fokas: hoto shida ko bakwai, kowane an matsa kamar milimita 0.4, daga ƙololuwar tudu zuwa bakin da ya fi nisa, sannan manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta haɗa. Ba a taɓa fitila ko saiti tsakanin hotunan. Aiki ne mai cin lokaci, bai kamata a ɗora shi a kan duka 300 ba.

Launi ya daidaita ne da kati mai ruwan toka. Ana ajiye shi a inda kwandala za ta zauna, a tsayinta, ƙarƙashin fitilun nan, a sa kyamara ta ɗauki farinta daga shi. In an canja takardar bakin fitila, a sake. Barin kyamara ta zaɓi fari da kanta shi ne ya sa zinariya ke fitowa fari-fari a da, don tana ɗaukar rawayar a matsayin kuskure tana ƙoƙarin cire ta. Haka ma'aunin haskenta: yana ganin baƙin ƙyalle ya cika allo sai ya ƙara haske, azurfa ta ƙone. Komai da hannu ake sa shi: ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 100, RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba), ƙofar haske kamar yadda aka faɗa, sai a yi ta rage lokacin labule har alamar ƙonewa ta daina ƙyaftawa, in ban da 'yan ɗige-ɗige a ƙololuwar sheƙi. Wasu fitilun LED in an rage musu ƙarfi ƙyaftawa suke yi da saurin da ido ba ya gani, sai ratsi-ratsi su fito a hoto. Maganinsa a bar su a cikakken ƙarfi, a rage haske ta ja da su baya, lokacin labule kuma ya zama 1/50 ko fiye da haka a daɗe.

Gidajen roba sun fi komai ba da wahala. Fuskar robar madubi ce ta biyu a saman kwandala, fitilar da aka ɗaga sama sosai hotonta zai faɗo a kai. Ana kallon allo ana jan fitila waje sannu a hankali har farin tabon ya fita daga bakin kwandala da ƙyar, sai a tsaya nan. Ƙarcen roba yana raguwa idan haske ya zo ta tsawonsa maimakon ya gicciye shi, kuma buɗaɗɗiyar ƙofar haske tana narkar da shi don ba a kansa fokas yake ba. A goge robar da ƙyalle mai laushi kafin ɗauka. Wani lokaci kwandalar a karkace take zaune a ciki. Madubi ba zai nuna wannan ba, sai an duba baki huɗu a allo an cusa takarda ƙarƙashin gefe ɗaya. Tacen gilashin da ke rage ƙyallin ruwa da taga bai yi wani amfani ba a nan, saboda hasken kusan a miƙe yake faɗowa yana komawa.

Bugun madubi kuwa duk abin da ke sama da shi yake nunawa: bakin lensi, rubutun kamfani, hannun mai ɗauka. An yanka baƙin kwali mai faɗin santimita 20, an huda tsakiya daidai bakin lensi, filin kwandala ya koma baƙi wuluk, zanen ya tsaya fari a kai. Ga waɗanda shekaru suka rina da shuɗi da ja, wannan yana ɓoye launin. Su aka yi wa hasken tsakiya: gilashi sirara, milimita 2 ko ƙasa, a jingine digiri 45 tsakanin lensi da kwandala, fitila mai laushi tana haskawa daga gefe, gilashin ya karyo hasken ƙasa sak, baƙin ƙyalle a ɗaya gefen ya shanye wanda ya wuce. Gilashi kusan kashi ɗaya cikin goma yake karyowa, ana asarar fiye da mataki uku na haske (kowane mataki yana rage shi da rabi), sai an tsawaita lokacin labule. Kauri in ya yi yawa hoto biyu yake bayarwa. Kuma ba ya aiki a kan gidan roba, don robar duka za ta yi fari.

Yadda aikin yake tafiya yanzu

Kyamara tana haɗe da kwamfuta ta USB. EOS Utility na Canon, NX Tether na Nikon, ko digiCamControl duk suna yin wannan ga kyamarorin da suke karɓa. Ana saita fokas a babban allo, a danna daga can, hannu ba ya taɓa turke. An jera tarin bisa faɗi, ba bisa ƙasa ko shekara ba, don a ɗauki duk masu milimita 38 zuwa 41 a zama ɗaya, an kuma manna alama a jikin sanda a tsayin kowane rukuni.

Kwandala tana hawa ɗan guntun itace da bai kai faɗinta ba, tsayin santimita 3 zuwa 5, an lulluɓe kansa da ƙyalle mai laushi, ƙarƙashi kuma baƙin karan-miski. Ɗagawar tana sa bayan ya yi baƙi ba tare da inuwa ba. Kada a yi wannan matashi da robar taya ko ta ɗaure kuɗi, sinadarin farar wuta da ke cikinta yana baƙanta azurfa. Ana riƙe kwandala ta gefenta kawai, da safar hannu, a kan shimfiɗa mai laushi. Ƙura da famfon iska na hannu ake kore ta. Ba a hurawa da baki, ɗigon yawu yana zama tabo bayan watanni. Ba a gogewa ko kaɗan, ko da ƙurar ta ƙi fita. Gara ɗigon ƙura a hoto da ƙarce a jiki. A manhaja ma ba a share ƙarce ko tabo, tunda su ne shaidar da ke raba wannan kwandala da 'yar'uwarta.

Wajen juyawa a kula: kwandalolin Amurka daga sama zuwa ƙasa ake kifa su baya ya fito a tsaye, na Yuro da na Birtaniya na yanzu kuwa daga hagu zuwa dama. Sunan fayil lambar kwandala ce da harafin gaba ko baya. Ana adana RAW a wuri biyu, a fitar da kwafin JPEG a tsarin launi na sRGB don turawa. Duk hoton da zai fita waje, musamman wanda aka ɗauka da waya, a cire bayanin wurin da aka ɗauke shi, kada a nuna wa ɓarawo ƙofa.

Ita kyamarar

Ta zauna. Gaskiya ne babbar sensa da lensin makiro za ta ba manyan kwandaloli ɗigo kusan 4,900 a maimakon 3,600, ƙanana kuma ƙarin da bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba. Wanda zai buga hoto babba a takarda zai ga amfanin haka. A allo ba ya ganuwa. Dalilan da za su sa a canja gangar jiki daban ne: in ba ta nuna hoto kai tsaye a allo, in ba ta haɗuwa da kwamfuta, ko ba ta da hanyar ɗage madubi ko buɗe labule ta lantarki. Wannan tana da abin da ake bukata.

Abu ɗaya ya rage. Harafin gidan bugu da bai kai milimita biyu ba yana samun ɗigo kusan 400 a 1:1, ya isa a karanta shi a ga siffarsa. Amma mai tarin ya fara neman alamun bugu biyu a jikin haruffa, su kuwa suna son jawowa 2:1 zuwa sama. Akwai lensuna na wannan aiki, kamar Canon MP-E 65 mai kaiwa 5:1 da Laowa 100 mai kaiwa 2:1. Kafin su, an sa zoben milimita 36 a bayan lensin makiro, ya kai kusan 1.4:1. A nan zurfin fokas a f/5.6 bai kai kashi uku cikin goma na milimita ba, saboda haka abin da ke gaba a jerin saye shi ne layin dogon fokas mai sukurun da ke matsa kyamara da kashi ɗaya cikin goma na milimita a kowane taki.